Famfon mai: Ɗan ƙarfen da ke kwantar da tsofaffin a-kori-kura, da yadda za ka canza shi da kanka

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin kakar tumatir, da wuya a ce bai taɓa cin karo da tsohuwar a-kori-kura maƙare da kwanduna ba, an ɗaure mata galan a kan rufi, wani siririn tiyo ya sauko ta gefen gilashi ya shige cikin inji.

Idan ka ga haka, famfon mai ne ya mutu a hanya. Direba ya duba ya ga in ya tsaya neman bakanike, kayan gwarin da ya ɗauko daga Kwanar Gafan za su narke kafin ya isa kasuwar ’Yankaba. Sai ya ɗora fetur a sama domin ya riƙa gangarowa da kansa zuwa kafireta.

Dabarar takan kai mutum gida. Sai dai fetur ne ke reto a saman inji mai zafi, a kan kan mutanen da ke zaune a gaban mota. Tiyo ɗaya ya zame, mota da kaya da rayuka duk suna cikin haɗari.

Abin takaicin shi ne, canza famfon mai a yawancin tsofaffin motocin nan aiki ne da mai mota zai iya yi da hannunsa cikin yini guda. Sharaɗi biyu ne kawai: ya tabbatar famfon ne ke da laifi kafin ya saya, sannan ya san yadda ake mu’amala da fetur.

Motocin da suka ƙi tsufa

Tun daga 1975 da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ƙirar 404 da 504 suka zama ’yan gida a Arewa. An daɗe da daina ƙera 504 a Faransa amma ana ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000. Ita kuwa Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, har gobe ita ce jakin manoma da ’yan kasuwa da magina.

Mafi yawan masu irin waɗannan motoci da su suke ci da iyali. Ranar da mota ta kwana a gareji, ranar babu cefane. Shi ya sa da yawansu suka koyi ƙananan gyare-gyare, daga canza fulogi zuwa juyen baƙin mai.

Amma da zarar an ce famfon mai, sai mutum ya ja baya. Wasu kuma su yi gaggawar saye, su ɗaura sabo, mota ta ƙi tashi, sai daga baya a gano waya ce kawai ta yi tsatsa.

Fara sanin irin famfon da ke motarka

Aikin famfon mai shi ne ya ɗebo fetur daga tanki ya kai wa inji. Iri biyu ne a motocin fetur.

Na farko shi ne wanda inji ke kaɗawa. Shi ake samu a motoci masu kafireta, irin su 404 da 504 da tsofaffin Hilux masu injin 22R. Yana manne a jikin inji da noti biyu. Yana da hannu na ƙarfe da ke shiga cikin inji, inda kamshaf ke danna shi yana saki. A cikinsa akwai tantanin roba da ke sama da ƙasa yana zuƙo mai yana turawa. Ƙarfinsa kaɗan ne, bai cika wuce psi 3 zuwa 7 ba, kuma iya abin da kafireta ke buƙata ke nan.

Na biyu shi ne na lantarki, wanda ke cikin motoci masu injekta, kamar Hilux mai injin 22R-E da waɗanda suka biyo bayanta. Yawanci a nutse yake a cikin tanki. Shi yana tura mai da ƙarfi sosai, kimanin psi 35 zuwa 60, gwargwadon ƙirar mota.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a wurin saye. Idan ka ɗaura wa mai kafireta famfon injekta, mai zai fi ƙarfin kafiretar ya riƙa ambaliya a kan inji. Idan kuma ka sa wa mai injekta ƙaramin famfo, ko tashi ba za ta yi ba.

Me ke kashe famfo?

Abu na farko shi ne tafiya da tanki kusan wayam. Famfon lantarki da fetur ɗin da ke ratsa shi yake samun sanyi da santsi. Idan mai ya yi ƙasa sosai, duk sanda mota ta sha kwana ko ta hau gangare sai famfo ya zuƙi iska, ya yi zafi, cikinsa ya riƙa cinyewa.

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta kai ga haura Naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Direbobi da yawa suka koma shan mai na tafiya ɗaya kawai. Uzuri ne da kowa ya fahimta, amma famfo ne ke biyan kuɗin.

Na biyu shi ne datti da ruwa. Tankin da ya shekara talatin ko arba’in ba ya rasa tsatsa a gindinsa. Ga kuma man ’yan bumburutu da ake juyewa daga jarka zuwa galan a bakin titi cikin ƙurar hunturu. Dattin kan toshe rariyar da ke bakin famfo, ya tilasta masa aiki fiye da ƙima.

Na uku shi ne gurɓataccen mai. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa’ida, abin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. Irin wannan mai yana cin roba, kuma tantanin famfo da tiyo duk roba ne.

Na huɗu shi ne raunin wuta. Waya mai tsatsa ko rile da ya gaji ba sa barin cikakkiyar wuta ta isa ga famfo, sai ya riƙa aiki da rabin ƙarfi.

Waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG su ma su kula. A motoci da dama famfon fetur na ci gaba da juyawa ko da ana tafiya da gas, don haka barin tanki babu ko ɗigo na iya ƙona shi.

Alamomin da mota ke bayarwa

Famfo bai cika mutuwa farat ɗaya ba. Mota takan fara da jinkirin tashi da safe. Sai ka ga in ta ɗauki lodi ko ta tunkari hawa, ka taka totur amma ta riƙa shaƙewa. Wani lokaci ta mutu bayan ta yi zafi, in ta huce ta sake tashi kamar ba ita ba. Famfon lantarki kuma yakan canza murya, ya riƙa wani kuka mai tsini daga wajen tanki.

Famfon da inji ke kaɗawa yana da wata alama mai haɗari. Idan tantanin robarsa ya yage, fetur na iya zuba cikin inji ya gauraye da baƙin mai. Zaro sandar awon baƙin mai ka duba. In ka ga ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin fetur, kada ka sake tayar da motar sai ka canza famfo ka kuma juye man. Ci gaba da tafiya a haka kan sa inji ya buga.

Akwai kuma matsalar da ba mutuwar famfo ba ce. A zafin watannin Maris da Afrilu, fetur kan tafasa a cikin tiyo ya zama tururi, famfo ya kasa zuƙa. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo, can an jima mota ta tashi. In haka na yawan faruwa, duba ko bututun mai ya matsa kusa da salansa.

Kada ka saya sai ka gwada

Duk alamomin nan, toshewar filta ko lalacewar kwayil ko fulogi na iya kawo irinsu. Don haka a bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Ka fara tabbatar da akwai mai a tanki, domin gejin tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne. Sannan ka duba filtar mai. In ba ka tuna ranar da aka canza ta ba, canza ta. Bi tiyo daga tanki zuwa inji ka ga ko ya tsage ko ya lanƙwashe.

Ga mai kafireta, cire tiyon da ke shiga kafireta ka zura shi cikin kwalba. Cire ƙaramar wayar da ke kai wa kwayil wuta don kada tartsatsi ya tashi. Wani ya murɗa makulli na ’yan daƙiƙoƙi. Lafiyayyen famfo zai riƙa feso mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In ɗiga yake yi ko babu komai, alhali filta da tiyo lafiya lau, to famfon ne.

Ga mai injekta, buɗe murfin tanki ka kasa kunne, wani ya murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa. A motoci da yawa za ka ji gurnani na daƙiƙa biyu ko uku.

A nan ne mutane ke yin asara. Tsofaffin Toyota masu injekta, irin mai 22R-E, famfonsu ba ya motsi a wannan mataki, sai inji ya fara juyawa. Wanda bai sani ba sai ya ji shiru ya yanke hukuncin famfo ya mutu. A irin waɗannan motoci akwai ɗan akwatin gwaji a ɗakin inji mai ramuka da aka rubuta wa FP da +B. Idan aka haɗa su da guntuwar waya aka kunna makulli, famfo mai rai zai yi ƙara.

Masu Ford Ranger na da kuma su sani cewa akwai wani maɓalli da ke yanke wa famfo wuta idan mota ta yi karo. Faɗawa babban rami ma na iya sa ya yanke. Danna shi kawai ake yi ya koma.

Bayan haka duba fis da rile. In kana da mitar awon wuta, auna a bakin soket ɗin famfo yayin da ake tayar da mota. Ya kamata ka ga abin da ya yi kusa da ƙarfin batir, wato wajen bolt 12. In wuta ba ta zuwa, matsalarka ta wayarin ce, sabon famfo ba zai yi maganinta ba. In wuta na zuwa amma famfo shiru, sa wani ya bubbuga gindin tanki da tafin hannu ko katako yayin da ake murɗa makulli. Idan ta tashi, famfon ya zo ƙarshe, kada ka yi doguwar tafiya da shi.

Kafin ka taɓa sifana

Ruwan fetur ba shi ne babban abin tsoro ba, tururinsa ne. Ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, ya kwanta a rami ko ya gangara har inda wuta take. Tankin da babu mai a ciki ma cike yake da wannan tururi.

Yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, da rana, inji a sanyaye. Ka tabbatar babu murhu ko gawayi ko janareta ko mai shan sigari ko mai walda a kusa. A gidajenmu da ake girki a tsakar gida, wannan magana ce da za ka yi da uwargida tun kafin ka fara. A kuma kawar da yara.

Cire kan batir mai alamar ragi. Ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda da bokitin yashi kusa da kai. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Kada ka zuƙi fetur da baki don kwashe tanki. Kaɗan ya faɗa huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti. Kada kuma ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ko aka ɗora a kan bulo.

Yadda ake canza na jikin inji

Wannan shi ne mai sauƙi. Ɗauki hoton famfon da wayarka kafin ka kwance komai. Wasu suna da baki biyu, na shiga da na fita, wasu uku har da mai mayar da rarar mai tanki. Yi wa kowane tiyo alama.

Cire tiyoyin ka toshe wanda ya fito daga tanki. Kwance noti biyun ka zaro famfon a hankali. In akwai wani kauri na roba mai tauri tsakaninsa da inji, adana shi, domin shi ke kare famfo daga zafi kuma shi ke daidaita tazarar hannun.

Jera tsoho da sabo ka gwada tsawon hannunsu da lanƙwasarsa. Kankare tsohon gasket tas ba tare da ɓarɓashi ya faɗa cikin inji ba. Sa sabon gasket, ka shafa ɗan baƙin mai a kan hannun.

Wurin da ake kuskure shi ne zaman hannun a kan kamshaf. In ka ji famfo ya ƙi zama, kada ka matse shi da noti da ƙarfin tsiya, hannun zai iya karyewa. Juya inji kaɗan da hannu har tudun da ke danna shi ya kauce, sai ya zauna cikin sauƙi. Ɗaure notin bi da bi, kaɗan nan kaɗan can.

Masu maye gurbinsa da ƙaramin famfon lantarki su tabbatar mai ƙaramin ƙarfi ne na kafireta, a ɗaura shi kusa da tanki, a sa masa fis da rile. Haɗa shi kai tsaye da batir na nufin ko mota ta yi haɗari inji ya mutu, shi zai ci gaba da feso fetur.

Yadda ake canza na cikin tanki

Da farko a sauke ƙarfin man da ke cikin bututu. Cire fis ko rilen famfo, tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, sannan ka cire batir.

Hanya biyu ce ta isa ga famfon. Ko a sauke tanki, ko a ɗage bodin baya. Litar fetur ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, ke nan lita 60 ta kai kilo 45, ban da nauyin tankin. In za ka sauke, sai ka rage man tukuna.

A nan a-kori-kura ta fi ƙaramar mota daɗin aiki. A Hilux da ire-irenta, bodin baya daban yake da gidan direba, kuma noti shida ko takwas ne yawanci ke riƙe da shi. Kwance su, ka raba wuyan zuba mai da jikin bodi, ka cire soket ɗin fitilun baya, mutum huɗu su ɗaga su ajiye gefe. Sai ga saman tanki a fili, ka yi aikinka a tsaye.

Share ƙasa da ƙurar da ke kewaye da murfin famfon kafin ka buɗe. In zobe ne ke riƙe da shi, buga shi da katako ko tagulla. Ƙarfe a kan ƙarfe na iya ba da tartsatsi.

Zaro famfon a karkace, kana lura da siririn hannun da ke ɗauke da abin da ke yawo a saman mai. In ya lanƙwashe, gejinka zai riƙa yi maka ƙarya.

Haska cikin tankin da tocilan daga nesa. In ka ga tsatsa ko laka ko ruwa a gindi, sai an sauke an wanke an shanya. Sabon famfo a cikin ƙazamin tanki ba ya daɗewa. Kada kuma ka yarda a yi wa tankin fetur walda don an ce an wanke shi.

Sa sabuwar rariya, kada ka mayar da tsohuwa. Kula da wayoyi biyun, mai alamar tarawa da mai alamar ragi, don in ka juya su famfo baya zai riƙa juyawa. Guntun tiyon da ke zama cikin tanki dole ya zama irin wanda aka yi don nutso a fetur, domin tiyo na gama-gari kan kumbura ya ruɓe. Canza robar murfin, ka canza filta.

Kafin ka mayar da bodi, haɗa batir ka tayar da mota. Bi kowace mahaɗa da ido da hanci. In babu yoyo, sai a rufe.

Wajen saye

Ko Ƙofar Ruwa za ka je a Kano, ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon famfon a hannunka tare da lambar injinka. Hilux ɗin shekara ɗaya na iya zuwa da inji daban-daban, balle ma tsofaffin motocin da aka sha canza wa inji.

Za a nuna maka sabo mai tsada, da sabo mai araha, da na hannu da aka ciro daga wata motar. Duba rubutun jikinsa da tsaftar ƙirarsa, ka kuma yi yarjejeniya da mai shago kan mayarwa in bai yi aiki ba. Araha ba ta ado, musamman a kayan da in ya lalace sai ka sake tara mutum huɗu su ɗaga maka bodi. Kada ka bari a daɗe ana gwada maka famfon lantarki a kan batir babu mai a cikinsa, gwajin kansa na rage masa kwana.

Inda ya kamata ka tsaya

Duk bayanin nan na motocin fetur ne. Masu Hilux ta dizal, irin mai injin 2L ko 3L ko 5L, abin da za su iya yi da kansu shi ne canza filta, zubar da ruwan da ke taruwa a gindinta, da fitar da iska ta hanyar danna ɗan famfon hannu da ke samanta. Babban famfon dizal aikin ƙwararru ne masu injin gwaji. Sababbin ƙira irin D-4D kuwa, ƙarfin man da ke bututunsu ya haura psi 15,000, yana iya huda fatar mutum.

Haka nan in ka tarar bututun ƙarfe ya ruɓe, ko wayoyin mota sun sha ɗori har ba a gane kansu, kai wa bakanike ko mai wayarin. Babu abin kunya a ciki.

Bayan an gama, abin da zai sa sabon famfo ya daɗe bai wuce uku ba: kada ka bar mai ya sauka ƙasa da rubu’in tanki in da hali, ka riƙa canza filta a kan kari, in kuma dole ta sa ka sha mai a bakin titi, ka tace shi da kyalle mai tsafta.

Mai doguwar tafiya da tsohuwar mota ya ajiye filta ɗaya da fis da rile da guntun tiyo a ƙarƙashin kujera. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai asarar lodin tumatir guda ba.